Darasi na Tara: Tura Kwale-kwale da Gora

Idan kogin Haɗeja ya cika ya batse a ƙarshen damina, mutanen Auyo da Guri da Kirikasamma da yawa sai da kwale-kwale suke isa gona ko kasuwa. Inda ruwa ba zurfi, ko inda ciyawar kacala ta cushe hanya, gora ce abin tuƙi. Sabon shiga kuwa da damtse yake turawa, shi ya sa kafin ya kai gaci hannu ya mutu, kwankwaso ya riƙe.

Wannan matsala an daɗe ana nazarinta a wata ƙasa mai nisa. A Suwidin akwai tseren sulu a kan dusar ƙanƙara, wato zamewa da dogayen katakai a ƙafa da sanda a kowane hannu, mai suna Vasaloppet, kilomita 90, wanda aka fara a 1922. Gwanayen yau sukan gama shi kaf da turin sanduna biyu a lokaci guda, ƙafafu a jere ba tare da taku ba. Babu damtsen da zai jure wannan. Ga yadda suke yi: mutum ya miƙe, ya ɗaga dunduniya, ya karkato gaba kamar zai kifa, sannan ya kafa sandunan ya saukar musu da nauyin jikinsa. Tsokar ciki da ta ƙugu ce ke fara aiki, sai ta gadon baya da kafaɗa, damtse ne na ƙarshe. Gwiwar hannu a lanƙwashe take, a ƙage, don ƙarfin ya wuce cikin sanda kai tsaye. Turin gajere ne, bai kai rabin daƙiƙa ba.  

Mu koma ruwa. Tsaya wajen bayan jirgi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan sake. Saki gorar ta zame cikin tafin hannunka har ta taɓa ƙasa, dab da gefen jirgi. Mai sulu sanda biyu gare shi, dama da hagu, saboda haka yana tafiya sak. Kai guda ce a hannunka, kuma duk tazarar da ka bari tsakaninta da jirgi, juya maka kan jirgin za ta yi.

Karkatar gora ita ce babbar magana. Gorar da ke tsaye cak ƙasa kawai take dannawa, jirgi ba ya motsi. Idan ta kwanta rabi, wato tsaka-tsaki tsakanin tsaye da kwance, kusan kashi bakwai cikin goma na ƙarfinka ne ke tura jirgi gaba. Don haka kada ka yi gaggawar zuba ƙarfi da zarar ta taɓa ƙasa. Dakata kaɗan jirgi ya wuce ta, ta karkata baya, sannan ka hau ta da nauyinka, hannaye kusa da ƙirji. Lanƙwasa daga ƙugu, baya a miƙe. Mai yin doro yana turi, shi ne mai neman man zafi da dare.

Taɓo kan riƙe gora. Murɗa ta kaɗan kafin ka zare. In ta ƙi, sake ta. Gora ana komowa a ɗauka, amma wanda ya rungume ta jirgi zai bar shi a ruwa. Wasu kan ɗaura ɗan guntun itace a gicciye kusa da bakinta don kada ta nutse sosai. Bayan kowane turi, bar ƙarshenta ya ja cikin ruwa a bayanka, da shi za ka daidaita kan jirgi.

Gwaji kafin darasi na gaba: a ruwan da bai wuce gwiwa ba, jirgi ba kaya, ƙidaya turi nawa ya kai ka daga wannan alama zuwa waccan da damtse kaɗai. Sake yi da nauyin jiki. Rubuta lambobin biyu a littafinka, ka zo wa malam da su.