Takardar alkawarin mai shaida: inda masu rubuta ta suke tuntuɓe

Kuskuren da ya fi ɓata shari'a shi ne a rubuta wa mai shaida abin da zai faɗa. Za ka ga takarda tana cewa wane "zai tsaya kan bayanin da ya yi wa 'yan sanda", ko "zai mara wa mai ƙara baya". Ba aikinta ba ne. Takardar tana ɗaure mutum ne kan ya zo kotu ya ba da shaida, in ya ƙi zuwa ya yi asarar kuɗin da aka ambata. Abin da zai fito daga bakinsa kuwa, rantsuwa ce ke kula da shi, da hukuncin shaidar zur. Lauyan wanda ake tuhuma da ya san aikinsa, yana ganin irin wannan layi zai ɗaga takardar ya tambayi mai shaida, "Malam, gaskiya ka zo faɗa, ko tsoron rasa kuɗinka ne ya sa?" Shi ke nan, shaidar ta yi rauni. A goge layin kawai.

Sai rana. Da yawa suna sa rana ɗaya tak, alhali kowa ya san shari'a a Najeriya ba ta rabuwa da ɗagewa. A rubuta sunan kotu, lambar ƙara, rana da lokaci, sannan a ƙara "da duk ranar da aka ɗage zaman, har kotu ta sallame shi". Kuɗin ma a sa shi da lamba da kalmomi, kuma ya yi daidai da ƙarfin mutum. Miliyan biyar a kan mai sayar da rake wasa ne.

Wanda bai iya karatu ba, kada a miƙa masa tawada a ce dangwala. A karanta masa da harshen da yake ji, a rubuta a ƙasa cewa an karanta ya fahimta, tafinta ya sa sunansa da hannunsa. In babu wannan, gobe zai ce bai san abin da ya dangwala ba, kuma da wuya a ƙaryata shi.

Adireshin wanda ya tsaya wa mai shaida ya wuce "bayan masallacin Juma'a". A sa unguwa, layi da lambar waya. Kuma kada a hana mace tsaya masa don ita mace ce, sashe na 167 na dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka, ya hana. A duba dokar jiha ma, domin Kaduna ta yi tata a 2017, Kano a 2019.

Kada kuma a rubuta cewa da zarar bai zo ba kuɗin ya tafi. Sai kotu ta gamsu an saɓa alkawari, ta kira shi ya biya ko ya kawo hujjar da za ta hana, kamar takardar asibiti.