Yadda Za Ka Gane Ko Gida Ya Cancanci Gyara Kafin Ka Sa Shi Kasuwa A Damagaram

Shekarun baya muka sayar da gidan gadonmu a unguwar Zango. Kafin a kira dillali, mu magada muka haɗa kuɗi aka shafe bangon waje da siminti, aka yi fenti, aka sauya ƙofar zaure. Wata biyu bayan ciniki na bi ta wurin, sai na tarar da fili fetal da tarin bulo. Dillalin yana zaune a inuwar dogon yaro, ya dube ni ya ce, "Malam, ai ƙasa Alhaji ya saya, ba fenti ba."

Saboda haka matakin farko tambaya ce: wa zai sayi gidan nan, kuma me zai yi da shi? In ginin laka ne a bakin titi ko kusa da kasuwa, mai saye rushewa zai yi ya kafa shaguna, kada ka kashe ko dala. In kuwa ginin siminti ne a unguwar da ma'aikata ko malaman jami'a ke neman wurin zama, wanda zai saya yana son ya tare da iyalinsa nan da nan, a nan gyara yake biyan kansa. Tsofaffin gidajen Birni masu zane da zanko, su kuma a taɓa su da hankali. Yaɓen siminti a kan laka yana riƙe danshi a ciki, bayan damina biyu ko uku sai ya ɓamɓare da ƙasar bangon. Nemi maginin gargajiya.

Na biyu, hau saman ɗaki da kanka, ka tafi da magini, kuma ka yi haka tun a bazara kafin ruwan Yuni ya sauka. Duba indararo ko ya toshe, domin ruwan da ya kwanta a kan soro shi ke kayar da ɗaki a watan Agusta. Ƙwanƙwasa azara da ƙarfe. In ta yi ƙarar abin da ba komai a cikinsa, gara ta cinye cikinta. In rufin kwano ne, shiga ɗaki da tsakar rana ka rufe ƙofa, duk inda haske ya leƙo, nan ruwa zai bi. Sannan ka sauko ka tsuguna a gindin bango, ka murza da yatsa. In ƙasa tana zuba kamar gari, ruwa ya fara ci daga ƙasa. Waɗannan su ne gyaran da ba a jinkirtawa, don gida kan yi watanni bai samu mai saye ba, kuma ɗakin da ya faɗi ba ya shiga lissafi.

Na uku, ruwa da wuta. Kowa ya san wahalar ruwa a garin nan, shi ya sa mai saye kan buɗe famfo tun kafin ya leƙa ɗaki. Gyara bututun da ke yoyo, ka wanke tanki in akwai. Biya bashin kamfanin lantarki na NIGELEC da na ruwa, ka ajiye takardun.

Tayil, sabon fenti mai launi, ƙyauren zamani: bar wa mai saye, zaɓinka ba nasa ba ne. Shara da kwashe tarkace sun isa.

Na huɗu, takardu, waɗanda a ganina sun fi buhu ɗari na siminti. Tabbatar takardar filin tana hannu kuma sunan da ke kanta ya dace da mai sayarwa. In gidan gado ne, a sami yardar kowane magaji, mata da maza, har wanda ke Kano ko Agadas, a rubuce a gaban shaidu.

Daga nan sai lissafi. Kira dillalai biyu da ba su san juna ba, kowa ya faɗi kuɗin gidan yadda yake da kuma bayan gyara. Magini ya ba ka nasa kuɗin, ka ƙara wani abu a kai, don aiki ba ya tsayawa inda aka yanke. In ratar ba ta haura kuɗin gyaran sosai ba, sayar da shi haka nan. Ranar da mai saye ya zo, kai shi gaban tsagewar bangon da kanka, ka rage masa kuɗin gyaranta, a rubuta hakan cikin takardar ciniki.