Yadda za ka ceci wanda aka harba kafin motar asibiti ta iso: jagora ga mazauna unguwannin baƙar fata a Amurka

A watan Yunin 2024 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Dokta Vivek Murthy, ya ayyana harbe-harben bindiga a matsayin annobar da ke barazana ga lafiyar al'umma. A shekarar 2021 kaɗai bindiga ta kashe mutum 48,830 a ƙasar, kuma tun 2020 ita ce kan gaba wajen kashe yara da matasa. Nauyin ya fi faɗa wa baƙar fata. Ba su wuce kashi 14 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, amma fiye da rabin waɗanda ake kashewa da bindiga daga cikinsu suke. 'Yan uwanmu da ke zaune a Buronks ko Halem a Niyok, ko kudancin Shikago, a cikin waɗannan unguwanni suke kwana suke tashi, 'ya'yansu na zuwa makaranta ta titunan nan.

Idan harsashi ya huda babbar jijiyar jini, mutum na iya mutuwa cikin minti biyar, kuma sau da yawa motar asibiti ba ta isowa kafin nan. Kudancin Shikago ya yi daga 1991 har zuwa Mayun 2018 ba shi da cibiyar tiyatar gaggawa ta manya, sai an tsallaka gari da wanda aka harba. Saboda haka ne ƙungiyar Ujimaa Medics ta shiga koya wa mazauna yankin tsayar da jini da hannunsu, kuma a 2015 aka ƙaddamar da shirin Stop the Bleed na koya wa jama'a tsayar da jini a duk ƙasar. Ran wanda ya faɗi yana hannun na kusa da shi.

Kafin ka taɓa shi

Kada ka fito daga maɓoya sai harbi ya tsaya. Idan kuna da yawa, nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce masa "kai, kira 911", don in ka ce "a kira" kowa zai zaci wani ya kira. A faɗi sunan titi da mahaɗar da ta fi kusa, mutum nawa aka harba, da kuma inda harsashin ya shiga. In ka ga bindiga a ƙasa, kada ka ɗauka. Da 'yan sanda sun iso, ka bar hannuwanka a fili, ka faɗa da ƙarfi cewa kana tsayar da jini ne.

Nemo inda jinin yake fita

Yanke rigar ko ka yage ta. Tufafi masu duhu da rigunan sanyi na shanye jini mai yawa ba tare da an lura ba. Ramin shigar harsashi yakan zama ƙarami, wani lokaci bai kai faɗin ƙaramin yatsa ba, saboda haka duba baya, hammata da tsakanin cinyoyi ko akwai ramin fita ko rauni na biyu. Jinin da ke kisa shi ne wanda ke tsartuwa, ko yake taruwa a ƙasa, ko yake jiƙe duk ƙyallen da aka ɗora.

Hannu ko ƙafa: madaurin tsayar da jini

Nan ne aka fi samun nasara, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Madaurin ɗamara ce mai faɗi da 'yar sanda ta murɗawa, kuma wanda aka fi sani shi ne samfurin CAT. Ɗaura shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, wato ta ɓangaren da ya fi kusa da gangar jiki. Kada ya hau kan gwiwa ko gwiwar hannu, domin ƙashin gaɓa zai kare jijiyar daga matsi. In ba ka gane ainihin wurin raunin ba, kai shi can sama kusa da hammata ko tushen cinya. Ciro waya ko makulli daga aljihu idan suna ƙarƙashinsa.

Ja ɗamarar ta matse sosai tun kafin ka taɓa sandar, har ya zama yatsu uku ba sa shiga ƙarƙashi. Yawancin madaurin da ke kasa aiki, daga nan ne matsalar take. Sannan ka murɗa sandar har jinin ya tsaya cak, ka maƙale ta a mazauninta, ka rubuta lokaci a jikin madaurin.

Zai yi ihu, zai roƙe ka ka sassauta. Kada ka sassauta, kada ka kwance don ka duba. Madauri mai sako-sako ya fi rashin madauri illa, saboda yana toshe jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ya bar masu kawo shi a buɗe, sai zubar ta ƙaru. In ɗaya bai tsayar da jinin ba, musamman a cinya mai kauri, ƙara na biyu a gefensa ta sama. Tsoron za a yanke ƙafa kada ya hana ka, domin madaurin da bai wuce awa biyu ba da wuya ya jawo hakan.

Bel ɗin wando, igiyar takalmi da wayar caja ba sa yin wannan aiki. Bel ba ya murɗuwa, siririyar igiya kuma tana yanka fata. In babu madauri, danna raunin da duk nauyin jikinka ya fi maka. In dole sai ka haɗa na wucin gadi, samu ƙyalle mai faɗin santimita 5, kamar ɗankwali ko rawani da aka ninke, da ƙarfe ko sanda mai ƙwari ta murɗawa.

Wuya, hammata da mahaɗar cinya da mara: cusa bandeji

Madauri ba ya ɗauruwa a waɗannan wurare. Sa safar hannu in akwai, ka tura bandeji ko tsaftataccen ƙyalle cikin ramin da yatsa, kaɗan-kaɗan, har ka kai ƙasan raunin inda jinin ke ɓulɓulowa. Yatsa ɗaya na danne yayin da ɗaya hannun ke ƙara cusawa, har ramin ya cika maƙil. Sai ka ɗora tafukan hannu biyu, ka miƙe gwiwoyin hannunka, ka danna. Bandejin da ke ɗauke da maganin daskarar da jini, irin QuikClot, yana buƙatar aƙalla minti uku na dannawa ba ɗagawa. Na yau da kullum kuwa, riƙe har ma'aikata su karɓe ka. In jini ya ɓullo ta sama, ƙara wani a kai, kada ka zare na ciki, don za ka fizge gudan jinin da ya fara toshe jijiyar. A wuya, danna gefen raunin kawai, kada ka naɗe wuyan ko ka danne maƙogwaro.

Ƙirji da ciki: ba a cusa komai

Ramin ƙirji na tsotsar iska, iskar kuma tana iya danne huhu. Rufe shi da mannin ƙirji mai ƙofar fitar iska, ko leda mai tsafta da aka manne gefe uku aka bar ɗaya. In numfashinsa ya ƙara wuya bayan ka rufe, ɗaga gefen mannin iska ta fita. Raunin ciki a rufe shi da ƙyalle mai tsafta. In hanji ya fito, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, kada a mayar da shi. Jinin ƙirji da na ciki ɗakin tiyata ne kawai ke tsayar da shi, shi ya sa 'yan sandan Filadelfiya suka daɗe suna ɗaukar waɗanda aka harba a motarsu kai tsaye zuwa asibiti.

Lulluɓe shi da bargo ko da lokacin zafi ne, a shimfiɗa wani abu a ƙarƙashinsa, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa. Kada a ba shi ruwa ko abinci ko ya roƙa. Kada a nemi ciro harsashi, kada a zuba gari, toka ko wani magani a raunin. Yi ta kiran sunansa, ka tambaye shi maganin da yake sha, ka faɗa wa ma'aikata.

Batun takardu da kuɗi kada ya sa a ɓoye mai rauni a gida. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa sassan gaggawa na asibitoci su duba duk wanda aka kawo su daidaita shi, yana da inshora ko ba shi da ita.

Kwanakin da ke biye

Likitan annoba Gary Slutkin, wanda ya yi aikin kwalara a Somaliya, ya lura harbi na yaɗuwa kamar cuta: an harbi wannan yau, abokansa sun rama gobe. A 2000 ya kafa shirin da yanzu ake kira Cure Violence a yammacin Shikago, inda 'yan unguwa da matasa ke jin maganarsu suke shiga tsakani. Irinsa ne Safe Streets a Baltimo da Save Our Streets a Buronks da Buruklin. Tun mai rauni na kan gado, tambayi ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin ko suna da shirin hana ramuwa, ka haɗa 'yan uwansa maza da su a ranar. Ku hana yara wallafa hoton wurin ko habaici a Instagram, don daga nan faɗan kan sake tashi. Kowace jiha tana da asusun biyan diyya ga waɗanda aka zalunta, mai ɗaukar kuɗin magani da na jana'iza, amma yana da wa'adi, don haka a cike takardar da wuri. Wanda ya kasa barci ko ya fara zancen kashe kansa, a kira 988, layin taimakon masu tunanin kashe kansu, a kuma fitar da bindiga daga gidan.

Masallaci, shago da motar haya duk su ajiye jaka mai ɗauke da madauri biyu, naɗin bandeji huɗu, mannin ƙirji biyu, safar hannu, almakashi, alƙalami mai kauri da bargon leda. Madauri na gaske yana kaiwa dala 30 ko fiye, na jabu masu araha da ake sayarwa a intanet kuwa sandarsu kan karye ana tsakiyar murɗawa. Darasin Stop the Bleed bai wuce awa biyu ba, asibitoci da yawa na bayar da shi kyauta, kuma limami ko shugaban ƙungiya na iya gayyatar masu koyarwa su zo har masallaci.