Fentin tsohuwar mota a gida

'Yan uwa masu tsofaffin motoci a Katsina, fentin mai na ƙofofin ƙarfe da ake sayarwa a Babbar Kasuwa yana rufa asiri.

Aikin duk a gogewa yake. Ku kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fes, ku shafa jan fentin hana tsatsa, sannan ku bi jikin da sanfefa mai lamba 400 da ruwa. Ku sirka fentin da tina, ku shafa siriri-siriri da ƙaramar rola ta soso, kowane shafi ya kwana ya bushe. In ya yi kauri, zai zubo kamar hawaye.

Don Allah kada ku yi a hunturu, ƙura za ta manne. Ku samu inuwa, ku yayyafa ruwa a ƙasa.