Yadda za ka san lokacin da ya kamata a gwada gininka ko akwai asbestos a ciki

Yawancin masu gine-gine sun san asbestos, wato ma'adinin nan mai siraran zare da ake haɗawa cikin kayan gini kamar rufi da silin, na da illa, inda suke faɗuwa shi ne wajen lokaci. Sai an riga an ɓalle silin, ƙura ta turnuƙe ɗaki, leburori sun share da tsintsiya sun kwashe a baro, sannan wani zai tuna ya ce ai da an gwada. To a lokacin gwajin me zai tsinana maka, abin da aka shaƙa ai an shaƙa. Gwaji kafin a taɓa gini ake yinsa, kuma shi zan bi da kai daki-daki.

Fara da shekarun ginin. Ka nemo takardun gini ko ka tambayi wanda ya sayar maka, yaushe aka gina, yaushe aka yi masa kwaskwarima. A Birtaniya an hana nau'in asbestos mai launin shuɗi da mai ruwan ƙasa a 1985, farin kuma sai 1999, shi ya sa a can duk ginin da aka yi kafin 2000 ana ɗaukarsa a matsayin wanda zai iya ƙunsar asbestos har sai gwaji ya nuna babu. Ostareliya ta hana a ƙarshen 2003, Tarayyar Turai a 2005, Kanada a 2018, Amurka kuwa sai a 2024 hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar da dokar hana farin. Amma fa har yau ana haƙo shi a Rasha da Kazakistan ana sayarwa, kuma ƙasashe da dama ba su hana ba. Idan kana ƙasar da ba a hana ba, kar ka ce ai ginina sabo ne, sabon ma zai iya samun rufi ko silin mai asbestos. Ni a wajena duk ginin da ba ka da takardar kayan da aka yi shi da su, ka saka shi cikin waɗanda ake zargi kawai.

Na biyu, ka tambayi kanka me ke shirin faruwa da ginin. Asbestos da ke zaune lafiya a cikin siminti, ba a fasa ba, ba a goga ba, ba ya sakin zare cikin iska sosai, kuma sau da yawa barinsa a wurin ya fi cire shi aminci. Haɗarin yana farawa ne in an huda, an yanka, an kankare ko an rushe. Kenan dole ka gwada in za ka rushe gini ko wani sashe nasa, in za ka canza rufi, silin ko tayil, in mai wayarin zai huda bango ya ja sabuwar waya, in mai famfo zai canza tsofaffin bututu, har ma ɗan aikin da ake rainawa irin kafa na'urar sanyaya ɗaki. Haka in gobara ta taɓa ginin, ko ruwa ya jiƙa silin har ya fara lotsawa yana zubo gari, ko iska ta farfasa rufi. Sai kuma lokacin saye, dan Allah ka gwada kafin ka biya, domin kuɗin cirewa na iya canza lissafin cinikin gaba ɗaya, kuma in ka riga ka sa hannu nauyin ya dawo kanka. In ginin na haya ne ko shago, ofis, makaranta, inda wasu ke shiga da fita, nauyin ya fi girma. A Birtaniya dokar 2012 ta ɗora wa mai kula da gine-ginen da ba gidajen zama ba, irin su shago, ofis da makaranta, alhakin sanin inda asbestos yake da rubuta shi da lura da shi, a Amurka ma doka ta ce a duba manyan gine-gine kafin rushewa ko gyara. Ka bincika abin da dokar ƙasarka ta ce, amma ko ba ta ce komai ba huhun ma'aikatanka bai san wannan ba.

Yanzu ga inda na fi ganin ana yin ɓarna, wato irin binciken da ake yi da yadda ake ɗaukar samfur. Bincike iri biyu ne kuma mutane na haɗa su. Akwai na lura da gini, wanda mai bincike zai zagaya ya duba abin da ido ke gani ya ɗan ɗauki samfur nan da can, wannan na ginin da ake zaune a ciki ne ba a shirin fasa komai. Akwai kuma na kafin gyara ko rushewa, wanda sai an buɗe bango, an ɗaga tayil, an leƙa saman silin, an bi bayan bututu. Mai gini sai ya yi na farkon saboda ya fi sauƙin kuɗi, ya riƙe takarda yana cewa ai an gwada, sannan ya kira birkila ya fara fasa wuraren da ba wanda ya taɓa dubawa. Wannan takardar ba ta rufe aikin da za ka yi ba sam.

Na ga wani gini da aka gwada tayil ɗin ƙasa aka ce lafiya lau, kuma gaskiya ne, tayil ɗin saman ba shi da komai. Da aka sa ƙarfe aka ɗaga sai ga wani tsohon tayil na roba a ƙarƙashi, ƙanana masu murabba'i, an manna su da wani baƙin gam mai kama da kwalta, kuma kafin a ankara wani yaro ya riga ya ɗora giranda a kai yana gogewa don ƙasa ta yi sumul, fuskarsa da girarsa duk sun yi fari fat, ko takunkumi babu. Irin wannan tsohon tayil da baƙin gam ɗin suna cikin wuraren da aka fi samun asbestos. Shi ya sa nake cewa samfur sai ya ratsa har ƙasa, kowane shimfiɗi a gwada shi daban. Kuma samfur ɗaya ba ya wakiltar gini, silin falo da na ɗakin baya suna iya kama a ido amma an saka su a shekaru daban-daban. Ka zauna da mai binciken ka nuna masa duk inda aiki zai taɓa, ɗaki bayan ɗaki, kuma ka karanta rahoton ka nemi wurin da ya rubuta cewa bai samu shiga ba, domin a nan matsala ke ɓuya. Duk inda bai shiga ba, ka ɗauka akwai.

Kar wani ya ce maka yana gane asbestos da ido ko da ƙwanƙwasawa, komai daɗewarsa a aiki. Zaren ya yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, ba shi da wari, sai an sa a madubin ƙara girma na ɗakin gwaji. Akwai kayan gwaji da ake sayarwa ka ɗauki samfur da kanka ka aika, na san sun fi araha, amma ni ban yarda da su ba, musamman ga abin da ke marmashewa a hannu kamar abin da ake naɗe bututun zafi da shi ko wanda aka fesa a silin, wannan ko kusa kar ka taɓa. Ka kira wanda ke da shaidar ƙwarewa, kuma in da hali kar ya zama shi ne zai yi kwangilar cirewa, saboda wanda zai ci kuɗin aiki bai kamata shi ne mai yanke hukunci ba.

Dalilin da ya sa nake matsawa haka, cutar ba ta nuna kanta da wuri. Kansar huhu, tabon huhu da ke hana numfashi, da kansar fatar da ta lulluɓe huhu wadda ake kira mesothelioma, suna iya ɗaukar shekara 20 zuwa 40 ko fiye kafin su bayyana, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk nau'ukan asbestos na jawo kansa, har da farin da wasu ke cewa ba komai. Mai shan taba kuma haɗarinsa na kansar huhu ya ninka.

In sakamako ya fito akwai, kuma abin na nan lafiya ba za a taɓa shi ba, a rufe shi ko a shafa masa abin da zai lulluɓe shi, a sa alama, a rubuta, a riƙa dubawa lokaci-lokaci, kuma duk ma'aikacin da zai shigo a nuna masa rahoton kafin ya ɗauki guduma. In dole sai an cire, ƙwararru za su killace wurin su jiƙa su cire, su zuba a leda biyu su kai inda aka amince a zubar, bayan nan a gwada iskar ɗakin kafin kowa ya koma. In kuma an riga an fasa kafin ka karanta wannan, a tsayar da aiki yanzu, a kashe fanka, a rufe ƙofa, kar a share kar a sa injin shara na gida, kayan da aka yi aiki da su kar a kai gida a wanke tare da na yara, sannan ka kira mai gwaji.