Kurakuran masu fim ɗin katun wajen binciken 'yan kallo

Matasan da ke koyon haɗa gajeren fim ɗin katun a Zariya sukan kawo mini aikinsu in duba, kuma idan na tambaye su wa aka yi wa fim ɗin, amsar ba ta sauyawa: "Malam, ai na kowa ne." Na gaji da jin wannan magana. Abin da ke sa yarinya 'yar shekara 5 dariya ba shi ne zai riƙe ɗalibin jami'a ba. Fim na minti 3, idan ana yin zane 12 a kowace daƙiƙa, zai ci zane 2,160, saboda haka bai kamata mutum ya shiga wannan wahala ba tare da ya tsayar da shekarun mai kallo da irin gidan da yake zaune ba.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne tambayar mutane ra'ayinsu a kira shi bincike. Matashi zai zauna a Samaru ya tsara tambayoyi da Turanci, ya tura wa 'yan ajinsu ta WhatsApp, alhali fim ɗin na yaran Tudun Wada ne ko na cikin birni, waɗanda ko waya ba su da ita. Ko da ya je wurin yaran, Bahaushe yana da kara, ba ya kushe aikin mutum a gaban idonsa, balle yaro da aka tsayar gaban babba. Zai sunkuyar da kai ya ce ya yi kyau. Wani aiki da na zuba kuɗina da gumina a cikinsa a kan irin wannan yabo aka gina shi. Ranar da aka kunna shi a wani tsakar gida, kafin a kai rabi yaran sun koma wasan langa, sai wata ƙaramar yarinya da ta tsaya tana jiran a ba ta wayar ta yi wasa. Ku daina tambayar yaro ko ya ji daɗi, don Allah! Ni abin da nake yi shi ne in jera zanen labarin da fensir, in ɗora murya a kai, in zuba shi a ƙaramar wayar Itel, in nemi izinin matar gida, in miƙa wa babbar yayar yaran gidan, sannan in koma gefe kamar ba ruwana. Inda suka yi dariya da inda ido ya bar waya nake rubutawa, kashegari kuma in sa a tambaye su labarin. Abin da suka kasa maimaitawa, cire shi nake yi.

Akwai kuma masu rantsuwa da alƙaluman YouTube. Wayar ta uwa ce ko ta yaya, don haka shekarun da ake nuna maka na mai wayar ne. Tun watan Janairun 2020 ma, bidiyon da aka yi wa alamar na yara ba a barin a yi sharhi a ƙarƙashinsa. Ban da wannan, a nan fim yakan yi yawo ta Xender da shagunan masu tura fina-finai, inda babu wanda ke ƙirgawa. Zama na awa guda a shagon mai turi a Sabon Gari, kana jin abin da ake nema, ya fi mini amfani.

Sauran ƙanana ne. Kada ka dogara da rubutun ƙasan allo ga yaron da bai iya karatu ba. Ka gwada sautin a lasifikar waya cikin hayaniyar gida, domin can za a ji shi. Idan kana son fim ɗin ya kai Kano da Sakkwato, ka saurara ko Zazzagancin masu muryar zai shige musu. Iyaye kuwa su ne masu ba da waya, kuma idan sutura ko kiɗan fim ɗin bai kwanta musu ba, gogewa za su yi. Saboda haka nake nuna wa uwa zanen kayan da jaruman suka sa tun kafin a fara yi musu launi.