Darasi na Tara: Mako Guda a Jirgin Ruwan Yawon Shaƙatawa

Jirgin ruwan yawon shaƙatawa ba jirgin fito ba ne da zai tsallaka da kai daga wannan gaɓa zuwa waccan. A cikinsa za ka kwana, ka ci, ka sha, ka yi wanka. Da dare yana tafiya, da safe ya wayi gari a wata tashar, fasinjoji su sauka su zaga gari, kafin magariba kowa ya dawo. Manyansu na ɗaukar mutum dubu huɗu zuwa dubu shida, ban da ma'aikata. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365.

Za mu ɗauki misalin tafiyar kwana bakwai a yammacin Bahar Rum, wadda ke tashi daga Barcelona ta Sifaniya, ta tsaya a Marseille ta Faransa, sai Genoa da Civitavecchia na Italiya, wani lokaci har tsibirin Malta, sannan ta koma inda ta taso. Dokokin kamfanoni suna ɗan bambanta, amma tushensu ɗaya.

Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan Najeriya da ɗan Nijar duk suna buƙatar bizar Schengen, wato biza ɗaya da ke ba da izinin shiga rukunin ƙasashen Turai da ake kira yankin Schengen, kafin su shiga waɗannan ƙasashe huɗu, kuma kamfanin jirgi ba ya nema wa fasinja biza. Ka karanta jerin tashoshin da kyau. Idan akwai wadda take wajen yankin Schengen, kamar Tunis ko wata tashar Turkiyya, to jirgin zai fita da kai daga yankin ya sake shigowa, don haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, sai mai shiga sau da yawa. Sannan ka bincika ko ita waccan ƙasar tana neman tata bizar, ko da ba ka da niyyar sauka. Wanda takardunsa ba su cika ba a bakin tasha ake tsayar da shi, kuɗinsa kuma ba ya dawowa.

Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida bayan ranar gama tafiya. Ka riƙe katin rigakafin cutar shawara. Inshorar da ake nema wajen biza dole ta zama mai iya biyan kuɗin jinya na aƙalla yuro 30,000, amma ka tambayi mai sayar da ita ko ta haɗa da jinya a cikin jirgi da ɗauke mara lafiya daga teku, domin ba kowace ce ke haɗawa ba. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiya, ko jaririn da bai kai wata shida ba.

Ka isa Barcelona kwana ɗaya kafin ranar tashi. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai asarar tafiyar gaba ɗaya ba idan jirgin sama ya yi jinkiri ko akwatinka ya maƙale a hanya.

Abin da ba ya shiga jirgi

Ba abin da ma'aikatan jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara, don a tsakiyar teku babu motar kashe wuta da za a kira. Saboda haka duk abin da ke yin zafi ko harshen wuta ana ƙwace shi a wajen binciken kaya: dutsen guga, butar lantarki, risho, kyandir, har da wasu irin wayoyin ƙarin soket. Wannan hani ya hau kan kasko da gawayi da turaren wuta, ko da na lantarki ne. Kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi a silinsa, kuma da ta ji za ta sanar da ɗakin matuƙa. Hajiya ta wadatu da humra da turaren fesawa na mako ɗaya. Taba ma sai a wurin da aka keɓe. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi a barandar wani ɗaki a jirgin Star Princess kusa da Jamaika, ta ci ɗakuna da dama, mutum ɗaya ya rasu, kuma masu bincike sun fi zargin guntun taba da aka jefar.

Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa tun a filin jirgin sama za a raba ka da su, domin Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga waje.

Abin da ya kamata ka ɗauka shi ne adafta, don soket ɗin jirgi irin na Turai ne ko na Amurka, filogin nan namu mai ƙafa uku ba ya shiga. Sai takalmi mai kama ƙasa, da rigar sanyi ko da bazara ce, saboda iskar teku da sanyin na'ura. Sai dadduma mara nauyi da 'yar ƙaramar buta ta roba, don ba za ka samu a banɗaki ba.

Ranar shiga

A bakin tasha 'yan dako za su karɓi babban akwati, su duba takardar lambar ɗakinka da ka manna masa. Ba za ka sake ganinsa ba sai yamma, wani lokaci sai dare. Don haka fasfo, tikiti, kuɗi, caja, tabarau da magungunan hawan jini ko na suga su zauna a jakar hannu. Magani ya kasance cikin kwalinsa na asali, da ƙarin na kwana uku ko huɗu. Ana rufe rajista tun da sauran kamar awa ɗaya da rabi ko biyu a tashi, lokacin yana rubuce a tikitinka.

Za a ɗauki hotonka a ba ka kati. Shi ne mukullin ɗaki, shi ne shaidarka duk lokacin da za ka sauka ko ka hau, da shi kuma za ka sayi komai, don shagunan jirgi ba sa karɓar tsabar kuɗi. Ana ɗaure shi da katinka na banki, ko ka ajiye tsabar yuro a ofishin kula da baƙi a riƙa cira. Katin naira ya sha ƙin aiki a waje, ka tanadi na dala ko tsabar kuɗi. Idan katin jirgi ya ɓace, nan take ka je ofishin a kashe shi a ba ka wani.

Atisayen ceto

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane muhimmanci a darasin nan. A jikin katinka akwai harafi ko lamba da ke nuna wurin taronka idan an shiga haɗari. A bayan ƙofar ɗakinka kuma akwai taswirar hanyar zuwa can. Kafin jirgi ya tashi dole kowane fasinja, har da yara, ya je wurin a duba katinsa. A jirage da yawa yanzu za ka fara kallon bayani a talabijin ɗin ɗaki, sannan ka taka da ƙafarka zuwa wurin.

A da doka ta ba da awa 24 bayan hawa kafin a yi wannan atisaye. Ran 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya tashi daga Civitavecchia, cikin daren ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio ya kwanta gefe guda, mutum 32 suka rasa rayukansu. Ɗaruruwan da suka hau a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba. Bayan haka aka sauya dokar: atisaye kafin tashi, ko da zarar an tashi.

Alamar haɗari ita ce busa gajere sau bakwai, sai dogo sau ɗaya. Da ka ji, ka sa rigar sanyi da takalmi, ka ɗauki maganinka da katinka, ka nufi wurin taro ta matakala. Kada ka shiga lifta, wuta na iya ɗaukewa kana ciki. Kada ka tsaya haɗa akwati. A wasu jiragen rigar ceto tana cikin kabad ɗin ɗaki, a wasu kuma a wurin taro ake rabawa, ka tambayi mai gyaran ɗakinka tun ranar farko. Ka gwada sa ta: a zura ta kai, a zagaya igiyar a ƙugu, a ɗaure tamau. Idan ta yi sako-sako, da an shiga ruwa za ta taso ta rufe fuska. Akwai usur da 'yar fitila a jikinta. Ka kuma ƙirga ƙofofi nawa ne tsakanin ɗakinka da matakala, domin a cikin hayaƙi ido ba ya aiki, hannu ne ke lalube.

Jiri da ciwon ciki

Tashin zuciya na zuwa ne idan kunnen ciki yana jin tangaɗin jirgi alhali ido na ganin bangon ɗaki a tsaye cik. Gaba da bayan jirgi da hawa na can sama su suka fi motsi, don haka mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiya, a hawa na ƙasa-ƙasa. Idan abin ya taso, kada ka ƙule a ɗaki kana duba waya. Fita sarari ka kafa ido inda ruwa ya haɗu da sama. Ka ci abu kaɗan mara maiƙo, ka sha shayin citta. Ƙwayar maganin jiri kafin ya fara take aiki, kamar awa ɗaya kafin a tashi, kuma tana sa barci. Dattijo ko mai shan wani magani ya fara tambayar likita.

Cutar amai da gudawa tana saurin yaɗuwa inda dubban mutane ke taɓa cokalin zuba abinci ɗaya da ƙarfen matakala ɗaya. Ruwan goge hannu da ake ajiyewa a ƙofar ɗakin cin abinci ba ya kashe wannan ƙwayar cutar sosai, sai sabulu da ruwa na daƙiƙa 20. Wanda ta kama ya kira asibitin jirgi ta wayar ɗaki, za a ce ya zauna a ciki kwana ɗaya ko biyu, a riƙa kawo masa abinci. Ganin likitan jirgi da kuɗi ne, ka karɓi rasit don inshora.

Masai na jirgi da iska yake zuƙa, bututunsa siriri ne. Ban da takardar da aka ajiye, kada a jefa komai. Ƙunzugun yaro guda ɗaya na iya toshe na ɗakuna da yawa.

Abinci da salla

Ka shaida wa kamfani tun lokacin sayen tikiti cewa abincin halal kake so, ba kowane jirgi ke da shi ba. Inda babu, kifi, ƙwai, wake, shinkafa, taliya da ganye sun isa. Ka tambayi shugaban masu kawo abinci ko akwai giya ko naman alade a miya da kayan zaƙi, don abincin Italiya da Faransa ba ya rasa su.

Daga yammacin Bahar Rum alƙibla tana gabas da ɗan karkata kudu. Kamfas ɗin waya yana ruɗewa saboda ƙarfen jirgi, amma akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita za ka daidaita. Lokutan salla na sauyawa kullum, ka duba na garin da za a wayi gari a cikinsa. Hukuncin ƙasaru da sallar zaune idan tangaɗi ya yi yawa, ka tambayi malaminka kafin ka bar gida.

Sauka gari

Kowane dare ana kawo takardar shirin gobe. A cikinta akwai lokacin da kowa zai dawo, yawanci minti 30 kafin tashi, da lambar wakilin kamfani a tashar. Ka ɗauki hotonta. Agogon jirgi ake bi, wanda wani lokaci yana saɓawa da na gari, waya kuma takan sauya lokaci da kanta ba ka sani ba. Agogon hannu ya fi amana a nan.

Inda aka fi makara shi ne Civitavecchia. A talla ana rubuta Roma, amma tsakanin tashar da birnin akwai kusan kilomita 80, kamar daga Zariya zuwa Kaduna. Jirgin ƙasa na cin sama da awa ɗaya, kuma daga tashar jirgin ƙasa zuwa inda jirgin ruwa yake sai an ƙara shiga bas. Wanda ya bi rangadin da kamfani ya shirya, idan motarsu ta makara ana jiran su. Wanda ya tafi da kansa ba a jiran sa. Ya kira wakilin nan, ya kuma biya kuɗin cim ma jirgi a tasha ta gaba daga aljihunsa. Mai zuwa da kansa ya yi nufin dawowa da sauran awa biyu.

Kuɗin da ba ya cikin tikiti

Ɗaki da abincin manyan ɗakunan ci suna ciki. Lemon kwalba, intanet, wanki, hoto da rangadi ba sa ciki. Akwai kuma tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kowane dare, ka tambayi adadinsa kafin ka biya tikiti. Da jirgi ya yi nisa da gaɓa, layinka zai koma kan tauraron ɗan'adam mai tsananin tsada, don haka ka kashe data ko ka sa wayar a yanayin jirgin sama. Ka riƙa duba lissafinka a talabijin kowane kwana biyu, gyara kuskure ya fi sauƙi kafin layin ranar ƙarshe.

A daren ƙarshe za a ba ka takarda mai launi ka ɗaura wa akwati, ka ajiye shi a ƙofar ɗaki kafin lokacin da aka faɗa. Ka fara cire kayan da za ka sa da safe, da fasfo da magani da katin jirgi, don sai da katin za a bar ka ka fita. Tikitin jirgin sama na komawa ya zama na bayan azahar.

Aiki

1. A ce tukwici yuro 12 ne kowane dare ga mutum ɗaya. Nawa mata da miji za su biya a dare bakwai?
2. Jirgi zai tashi daga Civitavecchia ƙarfe 7:00 na yamma. Ƙarfe nawa ne lokacin dawowar kowa? Idan hanyar daga Roma tana cin awa biyu, kuma kana son isa da sauran awa biyu a tashi, ƙarfe nawa za ka baro Roma?
3. Rubuta abu biyar da za su zauna a jakar hannunka ranar shiga jirgi.